Malam Muhammadu Al-Katsinawi: Baƙon Da Ilmi Ya Yi Wa Gata

Jama'a, a wannan fitowa za mu waiwayi wani bawan Allah da ya bar gida kamar yadda iyayenmu suka baro Kano, Katsina da Zariya suka zauna a nan Lafia. Shi ne Malam Muhammadu ɗan Muhammadu, Bafillacen Katsina, wanda Larabawa ke kira Al-Kashnawi.

A ƙasarmu ya yi karatu har ya ƙware a fikihu, lissafi da ilmin taurari. Daga nan ya kama hanyar Makka ya sauke farali, sa'an nan ya zarce Alƙahira. A shekarar 1732 ya rubuta littafi da Larabci kan yadda ake gina hatimi mai gidaje mara, wato uku-uku, biyar-biyar, bakwai-bakwai. Ku dubi ƙaramin cikinsu: lamba 1 zuwa 9 a gida tara, ko ta ina ka haɗa, tsaye, kwance ko karkace, 15 za ka samu. Na biyar-biyar kuwa 65 ne. Wannan fa zallar lissafi ne.

Shaihu Hasan Al-Jabarti, babban masanin falaki na Masar, shi ya sauke shi a gidansa, kuma nan Allah Ya yi masa rasuwa a 1741. Ɗan mai gidan, Abdurrahman, ya sa shi cikin littafinsa na tarihin Masar.

To, ilmin da ya yi wa hidima bai tsaya nan ba. A 1998 masana suka gano cewa sararin samaniya ba faɗaɗa kawai yake yi ba, saurin faɗaɗar ma ƙaruwa yake. Ƙarfin da ke jawo haka suka kira shi baƙin makamashi, kuma sun ƙiyasta ya kai kashi 68 cikin 100 na abin da ke sararin. Yau kwamfuta mai ƙirƙirarriyar basira ce ke taya su tace bayanan miliyoyin gungun taurari, don su gwada wane lissafi ne ya dace da shi.

Mu 'yan kasuwa muna lissafin motar doya da buhun riɗi da ka, amma yaro na faɗuwa lissafi sai mu ce ya dawo shago. Ga Jami'ar Tarayya a garin nan tun 2011. Don Allah a bar yara su kai can.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.