Xu Shen

Xu Shen (wajajen shekara ta 58 zuwa 148 miladiyya) malami ne kuma masanin rubutu ɗan ƙasar Sin, wanda ya rayu a zamanin daular Han ta Gabas.

Rayuwarsa

An haife shi a Zhaoling, cikin lardin Henan na yanzu. Ya yi karatu a wurin malami Jia Kui. A zamaninsa malamai suna jayayya kan ma'anar tsofaffin littattafai, saboda siffar haruffa ta sauya.

Aikinsa

Don warware wannan jayayya ya rubuta ƙamusun Shuowen Jiezi, ya kammala shi a shekara ta 100. Ɗansa Xu Chong ya miƙa wa Sarki An littafin a 121. Ƙamusun ya bayyana haruffa 9,353, a ƙarƙashin rukunai 540.

Misali, harafin 技, mai nufin gwaninta, ya nuna cewa ɓangarensa na hagu hannu ne, na dama kuwa lafazi yake nunawa. Harafin 巧 kuma ya haɗa shi da 工, wato aiki.

Tasirinsa

Ƙasusuwa masu tsohon rubutu da aka gano a 1899 sun sa an gyara wasu bayanansa, amma masana suna amfani da littafin har yau.