Tarihin Wazirin Sakkwato, Malam Junaidu ɗan Buhari (1906–1997)

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa muridai na Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da sauran mahalarta maukibin Sidi Abdulƙadir Jilani, Allah Ya ƙara masa yarda, bana mun zaɓi ambaton Waziri Junaidu, malami, sha'iri, jakadan Sarkin Musulmi.

An haife shi a Sakkwato a 1906, shekara uku bayan Nasara sun ci garin. Mahaifinsa shi ne Waziri Buhari ɗan Ahmadu ɗan Giɗaɗo, don haka tsatsonsa yana komawa ga Nana Asma'u 'yar Mujaddadi Shehu Usmanu, wanda Baƙadire ne, kamar yadda littattafansa suka shaida. Tun zamanin Muhammadu Bello gidan Giɗaɗawa ke riƙe da alƙalamin daula: su ke rubuta wasiƙu, su tarbi baƙi, su kai saƙon Sarkin Musulmi ga sarakunan gabas, har da Kano. Buhari ya rasu a 1910, ya bar shi yana ƙaramin yaro, ya tashi a gaban malaman Sakkwato, cikinsu akwai Malam Abubakar Bube.

An naɗa shi Waziri a 1948 zamanin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, ya riƙe rawanin kusan shekara hamsin. Ya yi tafiye-tafiye da ayarin wakilai zuwa ƙasashen Musulmi, ya kuma rubuta rihlarsa ta Agadas, da ta Gini da Sanigal da Maroko, a kan tsarin magabata. A ganina nan fifikonsa yake. Jakadu da yawa sun je sun dawo ba a san abin da suka gani ba, shi kuwa ya bar mana sunayen garuruwa da malaman da ya sadu da su.

Yana da diwanin ƙasidun Larabci, ya tsara nahawun Fillanci, ya wallafa *Dabɗul Multaƙaɗat* da *Tarihin Fulani*. Da taskar littattafansa Bature Murray Last ya dogara wajen rubuta tarihin Daular Sakkwato da ya fito a 1967.

Ya rasu a watan Janairu 1997, zamanin Sarkin Musulmi Maccido. Allah Ya jiƙansa, Ya ba mu albarkacinsa, amin.