Baden-Powell, madugun ƴan sikawut

1. Ƙuruciyarsa

An haifi Robert Baden-Powell a birnin Landan, cikin ƙasar Ingila, ran 22 ga watan Fabrairu 1857. Ubansa malami ne a jami'ar Oxford, yana koyar da lissafi. Yaron yana da shekara 3 uban ya rasu. Uwar ta rage da ɗiya da yawa, ga dukiya kaɗan. Ita ta yi ta fama da su har suka girma.

Da ya kai shekara 13 aka sa shi wata makarantar kwana mai suna Charterhouse. A aji ba ya cikin na gaba. Lissafi da Faransanci sun ba shi wuya ƙwarai. Cikin 1872 aka maida makarantar ƙauye, kusa da wani kurmi da aka hana yara shiga. Shi kuwa sai ya riƙa sulalewa can. Ya koyi ɗana wa zomo tarko. Ya koyi hura ƴar ƙaramar wuta marar hayaƙi, don kada malamai su hango shi. Ya koyi tafiya ba motsi, da gane sawun dabba.

Lokacin hutu yakan bi yayyensa yawo cikin jirgin ruwa. Babbansu, Warington, shi ne shugaba. Kowa da aikinsa cikin jirgin. Robert shi ne ƙarami, saboda haka girki da wanke kwanoni suka faɗo kansa. Ran nan ya dafa miyar wake, ta ɓaci, ba ta ciyuwa. Sai wansa ya sa shi ya shanye ta shi kaɗai. Daga ranar ya maida hankali ga koyon girki.

Wata shekara suka yi doguwar tafiya da kwalekwale. Suka bi gulbin Thames har kusa da mafarinsa. Inda ruwa ya ƙare suka ɗauki kwalekwalen da kayansu, suka taka zuwa wani gulbi, suka bi shi har suka isa ƙasar Wales. Kowane dare a waje suke kwana. Tafiyar ta koya masa cewa wanda zai ɗauki kayansa da kansa ba ya ɗibar abin da ba shi da amfani.

2. Aikin soja

Cikin 1876 ya shiga aikin soja, aka tura shi Indiya cikin rundunar mahaya dawaki. Zamanin nan Ingila tana mulkin mallaka a ƙasashe da yawa, shi kuwa sojanta ne. Aikin da ya fi gwaninta a kai shi ne leƙen hanya: a tura mutum gaba ya dubo inda ruwa yake, da inda za a yada zango, da inda abokan gaba suke, ya zana taswira, ya komo da labari.

A ƙarshen 1895 aka aika shi Gwalkwas, wadda ake kira Gana yanzu. Ingilishi sun tada runduna za su ci Kumasi, birnin Sarkin Asante Prempeh. Cikin rundunar har da sojoji Hausawa. Daga bakin teku zuwa Kumasi ya fi kilomita 200, duk cikin kurmi. Aka ba Baden-Powell ɗaruruwan mutanen ƙasar su wuce gaba. Su ke sare hanya, su kafa gada, su gina bukkokin zango kafin runduna ta iso. Ya kasa su ƙungiya ƙungiya, kowace da shugabanta. A can ya ga wani hafsa mai aikin gada yana riƙe da doguwar sanda da aka yi wa zane-zanen awo. Da ita yake auna zurfin rafi da faɗinsa. Wannan ita ce asalin sandar ƴan sikawut.

Aka shiga Kumasi cikin Janairu 1896 ba a yi faɗa ba. Aka kama Prempeh, aka fitar da shi daga ƙasarsa, bai komo ba sai 1924. Harsashi bai kashe sojan Ingila ba a wannan tafiya, amma zazzaɓi ya kashe waɗansu.

A shekarar dai aka tura shi ƙasar Matabele, cikin Zimbabuwe ta yanzu, inda mutanen ƙasa suka tashi yaƙi da Turawan da suka ƙwace musu ƙasa da shanu. Can ya haɗu da wani Ba'amurke, Frederick Burnham, gwanin bin sawu, ya ƙaru da shi sosai. Daga can ya zo da ƙahon wata dabbar dawa dangin gwanki, wadda ake kira kudu.

Abin da ya fitar da sunansa shi ne yaƙin Mafeking, a Afirka ta Kudu. Turawan Bowa suka kewaye garin kwana 217, daga Oktoba 1899 zuwa Mayu 1900. Shi ne shugaban masu tsaron garin. Abinci ya yi ƙaranci, baƙar fatar garin suka fi kowa shan wuya, yunwa ta kashe da yawa cikinsu. Da yake mazaje sun yi kaɗan, sai aka ba yara aikin kai wasiƙu da saƙonni, bisa jakai da kekuna. Baden-Powell ya lura da abu ɗaya: in an danƙa wa yaro aiki na gaske, aka amince da shi, yakan riƙe shi da kyau.

3. Shirin zangon Brownsea

Da ya koma Ingila ya tarar yara da malamansu suna karanta wani ɗan littafi da ya rubuta domin sojoji. Cikin 1904 William Smith, wanda ya kafa wata babbar ƙungiyar yara maza, ya ba shi shawara ya sāke rubuta shi domin yara. Ya yarda. Amma kafin ya buga littafin ya so ya gwada abin da ke ciki. Idan gwajin ya ɓaci, ko wani yaro ya yi rauni, iyaye ba za su ƙara ba shi ɗiyansu ba.

Tun ran gini ran zane. Ya fara da neman wuri. Ya zaɓi tsibirin Brownsea, a kudancin Ingila, wanda ya sani tun yana yaro. Tsibirin yana da itatuwa da tabkuna, ga shi nesa da ƴan kallo. Ya nemi izinin mai wurin, Charles van Raalte, aka ba shi.

Sa'an nan ya rubuta wa iyaye takarda. Ya gaya musu inda za a je, da abin da za a koya, da kayan da kowane yaro zai zo da su. Ya ce kowa ya koyi ƙulli iri uku na igiya tun yana gida. Ya nemo tantuna irin na soja. Ya sami mai kula da abinci da mai girki. Abokinsa Kenneth McLaren ya zo taya shi. Wani ma'aikacin tsaron gaɓar teku ya yarda zai koya wa yara ceton wanda ruwa ya ci.

Yara 20 ya gayyato. Rabinsu ɗiyan masu hali ne daga manyan makarantu, rabi kuwa ɗiyan ma'aikata ne daga garuruwan Poole da Bournemouth. A Ingila ta wancan zamani irin waɗannan yara ba su cin abinci tare. Ɗan mai hali ya biya fam 1, ɗan ma'aikaci ya biya sule 3 da sisi.

4. Kwana takwas a tsibiri

Aka buɗe zango ran 1 ga watan Agusta 1907. Baden-Powell ya gauraya yaran, ya kasa su ƙungiya huɗu: Kyarketai, Hankaki, Bijimai, da ta huɗu mai sunan wani tsuntsun bakin ruwa mai dogon baki. Kowace ƙungiya da tutarta da tantinta. Cikin kowace ya naɗa yaro ɗaya shugaba. Duk abin da ƴan ƙungiya suka yi, shugabansu za a tambaya.

Da ƙarfe 6 na safe yakan busa ƙahon nan na kudu. Yara su tashi, su shanya shimfiɗa, su sha madara, su motsa jiki, su share zango. A ɗaga tuta, a yi addu'a, a karya kumallo, sa'an nan a shiga aikin ranar. Bayan abincin rana dole kowa ya huta. Da dare a kewaye wuta, ya ba su labari kan abin da za a koya gobe. Da safe ya nuna musu yadda ake yi, da rana su gwada cikin wasa. Ƙarfe 9 da rabi kowa ya kwanta.

Kowace rana da darasinta. Wata rana gina bukka da saƙa tabarma da hura wuta da girki. Wata rana bin sawu. Wata rana sanin tsuntsaye da itatuwa da taurari. Wata rana agajin wanda ya ji ciwo, ko wanda gobara ta rutsa da shi.

Babban gwaji da dare ake yinsa. Kowane dare ƙungiya ɗaya takan bar zango. A ba su garin alkama da nama da dankalin Turawa da shayi. Su ɗauki barguna da tukunya da ashana, su tafi wani gefen tsibirin. Su za su dafa abincinsu, su yi wurin kwana, su yi gadi bi da bi har gari ya waye. Shugabansu yaro ne kamarsu.

Ran 8 ga wata aka yi wasannin rufewa gaban baƙi. Ɗan mai hali da ɗan ma'aikaci sun ja igiya ɗaya, sun ci daga tukunya ɗaya. Kowa ya koma gida lafiya.

5. Ƙa'idodin tafiya da zango

Cikin Janairu 1908 littafinsa mai suna Scouting for Boys ya fara fitowa, kashi shida, kowane mako biyu kashi ɗaya. Yara suka yi ta saye, suna kafa ƙungiyoyi da kansu. Ga waɗansu daga cikin abubuwan da ya koyar game da tafiya:

Kafin a tashi, a san hanya a kan taswira. A raba aiki, kowa ya san nasa. A rage kaya. Mai tafiya da ƙafa ya kula da ƙafarsa, ya wanke ta, ya sa takalmin da ya saba da shi.

Ba a yada zango a ƙasar wani sai da izininsa. Ba a taka shuka. Ƙofar shingen da aka buɗe, a rufe ta.

A zaɓi wuri busasshe, kusa da ruwa da itacen wuta. Da an sauka a haƙa ramin salga nesa da wurin girki, a haƙa na shara. Ruwan da ba a amince da shi ba a tafasa shi kafin a sha. Rigakafi ya fi magani.

Kafin a hura wuta a share ciyawar da ke kewaye. Ɗan sikawut ya iya kunna wuta da ƙwayar ashana biyu kawai. Ba a barin wuta tana ci in za a tashi.

Ranar tashi a ƙone shara, a cike ramuka, a bar wurin tsaf, a je a yi wa mai ƙasa godiya.

Yaron da ke son ya kai matsayi na ɗaya cikin sikawut sai ya yi tafiyar gwaji. Ya taka ko ya tuƙa kwalekwale zuwa wani wuri mai nisan kilomita 11, ya komo, ya rubuta abin da ya gani a hanya. An fi so ya kwana a can.

6. Ƙarshen rayuwarsa

Cikin 1909 ƴan sikawut 11.000 suka taru a Landan. Cikinsu aka ga ƴan mata. Saboda haka a 1910 aka kafa ƙungiyar ƴan mata, ƙanwarsa Agnes ta shugabance ta. A shekarar ya bar aikin soja. Cikin 1911 sikawut ta shiga Faransa. Cikin 1912 ya auri Olave Soames, suka haifi ɗiya uku. Cikin 1920 aka yi taron duniya na farko a Landan, yara 8.000 daga ƙasashe 34, suka naɗa shi shugaban sikawut na duniya duka.

Da tsufa ya kama shi ya koma garin Nyeri, cikin ƙasar Kenya, a 1938. Can ya rasu ran 8 ga watan Janairu 1941, yana da shekara 83. Bisa dutsen kabarinsa an zana da'ira da ɗigo a tsakiya. Ita ce alamar da ɗan sikawut ke bari a hanya don abokansa su san ya koma gida. Yau ƴan sikawut sun fi miliyan 50 a duniya, kuma har yanzu cikin ƙananan ƙungiyoyi suke fita zango, kowace da yaro shugabanta.

Tambayoyi

1. Me Robert ya koya cikin kurmin bayan makaranta?
2. Mene ne asalin sandar ƴan sikawut?
3. Waɗanne abubuwa Baden-Powell ya shirya kafin yara su iso Brownsea?
4. Don me ake haƙa ramin salga nesa da wurin girki?
5. Me ya kamata a yi ranar tashi daga zango?

Aiki

Ku kasu biyar biyar. Kowace ƙungiya ta zaɓi shugaba. Ku shirya tafiyar kwana biyu daga makarantarku zuwa wani ƙauye. Ku zana hanya, ku nuna rijiyoyin da ke kanta. Ku rubuta guzurin da za ku ɗauka, da aikin kowa, da wanda za ku nemi izini wurinsa.