Doug Hepburn, Mai Ɗingishin Da Ya Gagari Ƙarfafan Duniya

Duk wanda ya ƙetare gadar kogin Kaduna ya nufi kudu da la'asar sakaliya, ya ratsa Kakuri ko Makera ko Barnawa, da wuya ya rasa ganin samari a wani lungu suna wasan ɗaga ƙarfe. Waɗansu gwangwani biyu su kan cika da siminti, su soka sandar ƙarfe a tsakani. Mutum ya kwanta rigingine bisa benci, ya sauko da sandar har ta taɓa ƙirjinsa, sa'an nan ya tura ta sama har hannuwansa su miƙe. To, yau muna so mu ba masu karatu tarihin mutumin da ya buɗe wa duniya ido game da wannan wasa, watau Doug Hepburn, mutumin ƙasar Kanada.

An haife shi a birnin Vancouver ran 16 ga Satumba, 1926. Da ƙafarsa ta dama a murɗe ya zo duniya, idanunsa kuma ba su duban wuri guda. Likitoci suka yi masa aiki a ƙafar, amma ba ta koma daidai ba, ta tsaya siririya, ta kuma gaza ɗaya tsawo. Haka ya tashi da ɗingishi, ba shi da rabo a guje-guje da tsalle-tsalle na yara. Da ya zama saurayi sai ya ga in ƙafa ta ƙi, ai ƙirji da kafaɗa da damtse suna nan. Ya kama ƙarfe, bai sake shi ba.

Dabararsa ba wani asiri gare ta ba, sai haƙuri. Ya kan zaɓi nauyi mai tsanani, ya tura shi sau biyu, ya huta, ya sake, har zagaye takwas. Ran da ya komo sai ya ƙara turi ɗaya tak. Da haka da haka, sai kowane zagaye ya cika uku, sa'an nan ya ƙara nauyi kaɗan, ya koma farko. Sannu ba ta hana zuwa. Har yanzu masu wannan wasa suna bin wannan tsari, suna kiransa da sunansa.

Cikin 1950 ya tura laba 400 a kwance, abin da ba a taɓa shaida wani ya yi ba kafinsa. Cikin 1951 ya kai 450, cikin 1953 kuwa ya cika laba 500, watau kilo 227. Don masu karatu su gane, wannan nauyin buhun siminti huɗu da rabi ke nan, har da ɗan ɗori, a bisa ƙirjin mutum guda.

Amma a wannan zamani ba a shirya gasar duniya ta ɗagawa a kwance. Wanda ke son suna sai ya shiga ta ɗagawa a tsaye, inda a ke cira ƙarfe daga ƙasa a kai shi bisa kai, aikin da ya dogara ƙwarai ga ƙafa. Duk da haka cikin 1953 Hepburn ya tafi birnin Stockholm na ƙasar Suwidin, shi kaɗai daga Kanada, kuɗin tafiyar ma da ƙyar ya harhaɗa. Can ya tarar da John Davis na Amurka, wanda ya ci zinariya a wasannin Olamfik na 1948 da na 1952. Abin da ƙafa ta rage wa Hepburn, hannu ya biya masa. Jimlar ɗagawarsa uku ta kama kilo 467.5, ya zama zakaran duniya cikin rukunin manya masu nauyi.

Da shekara ta kewayo, cikin 1954, aka yi wasannin ƙasashe renon Ingila a garinsu Vancouver, ya sake cin zinariya a gaban mutanensa. A wannan taro ne kuma Emmanuel Ifeajuna ya ci wa Nijeriya zinariya a tsallen sama.

To, ba za mu ɓoye sauran labarin ba. Suna bai kawo masa abinci ba. Don neman na kai sai ya shiga kokawar kuɗi, wadda ba ta kwanta masa a rai ba, bai daɗe ba ya bar ta. Giya kuma ta same shi, ta yi masa kayen da ƙarfe bai taɓa yi masa ba, shekaru suka salwanta a banza. Daga baya Allah ya taimake shi ya rabu da ita. Ya koma yana ƙera kayan motsa jiki, yana rubuta darussan horo, yana kuma gargaɗin matasa su guji magungunan ƙara ƙarfi. Bai daina ɗaga ƙarfe ba har tsufansa. Gyambon ciki ne ya zama ajalinsa, ya rasu a Vancouver ran 22 ga Nuwamba, 2000, yana da shekara 74.

Wasan da ya buɗe wa hanya ya yi girma tun yana da rai. Cikin 1972 aka kafa ƙungiyar duniya mai kula da shi, a wasannin naƙasassu na duniya kuwa ɗagawa a kwance ce kaɗai a ke yi. A nan ne 'yan Nijeriya suka yi fice. A London cikin 2012 Yakubu Adesokan, wanda nauyin jikinsa bai wuce kilo 48 ba, ya tura kilo 180, ya ci zinariya.

Saboda haka muna roƙon malaman makaranta, in an buga ƙararrawar wasanni, kada a bar yaro mai ɗingishi a gindin itace yana gadin rigunan 'yan'uwansa. A nema masa wasan da jikinsa zai iya, a riƙa ƙara masa kaɗan-kaɗan. Samarinmu na Kakuri kuma su lura, wannan gwarzo turi ɗaya ya ke ƙarawa a rana, kuma kwalba ce kaɗai ta taɓa kai shi ƙasa.