Pierre-Simon Laplace

Pierre-Simon Laplace (23 ga Maris, 1749 – 5 ga Maris, 1827) Bafaranshe ne masanin lissafi da ilimin taurari. Yana cikin waɗanda suka aza harsashin lissafin yiwuwa, wato auna da lambobi yadda abu zai iya faruwa.

Farkon rayuwa

An haife shi a Beaumont-en-Auge da ke yankin Normandy. Iyayensa sun so ya zama limamin coci, don haka ya shiga Jami'ar Caen. A can lissafi ya ɗauke hankalinsa, sai ya koma Paris, inda masani d'Alembert ya sama masa aikin koyarwa a makarantar soja. A 1785 shi ne ya yi wa Napoleon jarrabawa.

Aiki

Newton ya ɗauka cewa tafiyar duniyoyi za ta rikice in Allah bai riƙa daidaita ta ba. Laplace kuwa ya nuna cewa sauyin gudun Jupiter da Saturn yana gyara kansa duk bayan kimanin shekara 900.

A 1774 ya fitar da hanyar gano sababi daga sakamako, wadda Thomas Bayes ya riga ya taɓo. Ya yi amfani da ita a kan rajistar haihuwa ta Paris, ya nuna cewa yiwuwar haihuwar namiji ta ɗara ta mace kaɗan. Babban littafinsa a fannin ya fito a 1812.

Sa'a da zaɓin ɗan Adam

A rubutunsa na 1814 ya ce babu abin da ke faruwa haka kawai, komai da sababinsa. Ya kawo misalin wani hankali da ya san matsayin kowane ƙwayar abu da ƙarfin da ke motsa shi: wannan zai san jiya da gobe kamar yau. A ganinsa, abin da muke kira sa'a ƙarancin saninmu ne, har zaɓin mutum ma yana da dalilin da ya tura shi. Wannan ya tayar da tambayar da ake muhawara a kanta har yau: in komai a tsare yake, ina alhakin mutum? Ƙa'idar Heisenberg ta 1927 ta girgiza ra'ayin, domin ta nuna ba a iya sanin matsayi da gudun ƙwayar abu daidai a lokaci guda.

Mutuwa

Ya riƙe muƙamin ministan cikin gida na mako shida a 1799. Ya rasu a Paris yana da shekara 77.