Nana Asma'u 'Yar Shehu: Malamar da Ta Kai Waƙa Har Ɗakunan Matan Karkara

Cikin 'ya'yan Shehu Usman Ɗanfodiyo, kaɗan ne sunansu ya bi duniya kamar na Nana Asma'u. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma ayyukanta fiye da 60 sun iso zamaninmu. Amma babban abin da ya bambanta ta da sauran marubutan zamaninta shi ne yadda ta samo hanyar isar da waƙoƙinta ga matan da ba su taɓa riƙe allo ba.

An haife ta a Ɗagel, cikin ƙasar Gobir, a shekarar 1793. Tagwaye ne ita da ɗan'uwanta Hassan. Mahaifiyarsu Maimuna ta rasu tun suna ƙanana, don haka ta tashi a hannun sauran matan Shehu. Gidan nan kuwa gidan karatu ne, maza da mata, domin Shehu ya daɗe yana sukar malaman da ke koyar da almajirai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhun jahilci. A nan ta yi karatun Alƙur'ani, ta shiga fiƙihu da nahawu da tasawwufi bisa tafarkin Ƙadiriyya.

Tana da kimanin shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, bayan dangantaka ta yi tsami tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa. Shekarun da suka biyo baya na yaƙi ne da yunwa da ƙaura daga wannan sansani zuwa wancan, har zuwa faɗuwar Alƙalawa a 1808. Ta ga yadda malamai da mahaddata suka kwanta dama a fagen fama, ta kuma ga yadda ake ɗaukar littattafai a gafaka ana gudu da su. Wannan ƙuruciya ta bar tabo a rubutunta, domin daga baya ta tsara tarihin hijirar da yaƙe-yaƙen a wata doguwar waƙa ta Fulatanci, wadda ɗan'uwanta Isa ya mayar Hausa, aka san ta da Waƙar Gewaye.

Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, aminin yayanta Muhammadu Bello, wanda ya zama Wazirin Sakkwato. Bayan rasuwar Shehu a 1817, ta shiga aikin tattara rubuce-rubucen mahaifinta da adana su, aikin da ke buƙatar sanin harsuna da sanin hannun marubuta. Littafinta na farko da aka sani, Tanbihul Gafilina, ta rubuta shi da Larabci a 1820, tana da shekara 27 a duniya.

Matsalar da ta tarar a gabanta ba ƙarama ba ce. An kafa daula, amma yawancin mutanen da ke cikinta ba sa jin Larabci, ba sa jin Fulatanci. Akwai ɗimbin mata a ƙauyuka, da waɗanda yaƙi ya raba da garuruwansu ya kawo su cikin gidajen Sakkwato, da yawansu kuma bori ne mafakarsu idan ciwo ko baƙin ciki ya same su. Idan aka bar waɗannan mata haka, su ne za su raini 'ya'yan gobe, kuma gyaran da aka zubar da jini dominsa zai tsaya a bakin zaure. Takarda kuwa tsada gare ta, daga ƙetaren Sahara ake kawo ta, kuma da hannu ake kwafe kowane littafi.

Nana Asma'u ta ga cewa waƙa ita ce maganin wannan. Baiti mai ma'auni da amsa-amo yana zama a ka, mace na iya rera shi tana daka ko kaɗi, ba ta buƙatar takarda. Saboda haka ta juya zuwa Hausa. A 1831 ta fassara waƙar Shehu ta gargaɗi ga shugabanni da talakawa, wadda aka sani da Tabbat Haƙiƙa. Ta tsara sunayen surorin Alƙur'ani 114 cikin gajeriyar waƙa domin sauƙin hadda. Ta rubuta waƙa kan mata salihai, tun daga iyalan Manzon Allah (SAW) har zuwa matan jama'ar Shehu, bisa wani littafi na Muhammadu Bello, ta fitar da ita cikin harsuna uku. Ta yi waƙoƙin begen Annabi, da na tsoratarwa kan ranar alƙiyama, da na koyar da tauhidi da salla da azumi.

Sai dai waƙa ba ta tafiya da ƙafarta. A nan ne ta kafa tsarin da aka sani da 'Yan Taru. Daga kowane yanki akan zaɓi dattijuwa mai mutunci da natsuwa, a naɗa ta jaji. Alamar naɗin ita ce malafa da jan rawani, irin kayan da aka san Innar Gobir, shugabar bori, da su. Ta haka ta ɗauki alamar da mata suka riga suka girmama, ta ɗora mata sabuwar ma'ana. Jaji kan jagoranci ayarin tsofaffi da 'yan mata ƙanana, waɗanda hidimar aure ba ta ɗaure su ba, su taka har Sakkwato. Su zauna gaban Nana su haddace waƙoƙin, a warware musu ma'anarsu, su yi tambayoyi kan abin da ya shige musu duhu, sannan su koma su koyar da matan da ke cikin gidaje. Sukan zo da sadaka ta hatsi da zuma da man shanu da tufafi, ita kuma ta raba wa marasa lafiya da mabuƙata.

Wani ɓangare mai taɓa zuciya a ayyukanta shi ne marsiyyoyi. Ta yi wa Muhammadu Bello bayan rasuwarsa a Wurno a 1837, ta yi wa mijinta Giɗaɗo, ta yi wa aminiyarta A'isha. Ba ta tsaya kan manya ba, har maƙwabciya da ungozoma da jaji sun samu nasu. Abin lura shi ne, a waɗannan waƙoƙi ba sarauta ko dukiya take yabo ba. Haƙuri da kyauta da sulhunta mutane da kula da marayu su ne abin da take ɗagawa, ta yadda kowace marsiyya ta zama darasi ga masu rai. Sunanta ya kai ga malaman nesa, har ta yi musayar baitoci na Larabci da wani malami daga ƙasar Shingiɗi, wato Muritaniya ta yau.

Allah ya yi mata rasuwa a 1864, aka binne ta a Hubbare, kusa da mahaifinta. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙe 'Yan Taru, tsarin kuma ya rayu har bayan zuwan Turawa a 1903. Rubuce-rubucenta sun tsira a hannun zuriyarta, musamman a taskar Waziri Junaidu, inda Jean Boyd ta nazarce su, sannan ita da Beverly Mack suka buga su a dunƙule a 1997. A yau makarantu da ɗakunan kwanan ɗalibai mata da dama a Najeriya na ɗauke da sunanta, kuma duk lokacin da aka tayar da zancen karatun 'ya mace a Arewa, ita ce hujjar farko da ake kawowa daga cikin gida. Allah ya jiƙanta da rahama.