Sarki Muhammadu, Wanda Ya Dawo Da Fadar Jama'a Bakin Dogo

A wannan fitowa za mu waiwayi rayuwar marigayi Sarkin Jama'a Muhammadu, wanda dattawanmu ke kira Sarki Muhamman. Yawancin yaranmu sun buɗe ido sun ga fada a Kafanchan, sai suke zaton can asali a nan take. To, ba haka abin yake ba.

Malam Usman, wani malami mutumin Kabi, shi ya kafa masarautar Jama'a wajen shekarar 1810, a zamanin jihadin Shehu Ɗan Fodiyo. Garin yana gindin duwatsun Daroro, wajen da muke kira Gidan Waya a yau, kuma sarakunansa suna bin Zazzau har zuwan Turawa. A wannan gida aka haifi Muhammadu, a tsohuwar Jama'a kuma aka naɗa shi, daidai lokacin da leburori ke shimfiɗa dogo a wannan yanki.

Dogon nan daga Fatakwal ya taso. Ya kai Inugu a 1916 saboda kwal, ya biyo ta Makurɗi, ya nufo Kaduna. A 1927 aka buɗe reshen da ya tashi daga Kafanchan ya hau Jos. Kafin nan, kuzar Jos sai ta bi ƙaramin jirgin Zariya, a sake mata lodi, sannan ta kama hanyar Ikko. Da aka yi mahaɗar Kafanchan, sai kuza ta riƙa gangarowa ta nan zuwa teku, kwal kuma na haurowa. A 1932 aka gama gadar Makurɗi, aka huta da ƙetare Binuwai da kaya a jirgin ruwa.

Kun san halin kasuwa, inda mai saye yake nan mai talla ke bi. Kafin ka ce kwabo, bakin tasha ya cika. Inyamurai da Yarbawa sun zo aikin reluwe, kakanninmu kuma sun zo daga Kano, Katsina, Zariya da Bauci, wasu da fawa, wasu da goro, wasu da koli, wasu da allo da tawada. Tsohuwar Jama'a kuwa tana can mil 10 daga dogo, ƙafa tana ta ɗaukewa.

Nan ne Sarki ya fuskanci babbar shawara. Barin garin kakanni ba wasa ba ne, ga kushewun iyaye, ga masallaci, ga gonaki. Amma sarkin da ya zauna nesa da talakawansa da kasuwarsu, sarautarsa suna ce kawai. A 1933 ya tashi da fadawa da alƙali da malamai ya dawo Kafanchan. Wannan hijira ita ta mai da zangon ma'aikatan jirgi ya zama gari mai fada, mai kotu, mai masallacin Juma'a. Da bai taso ba, da wataƙila mu ma kakanninmu sun ci kasuwa sun ƙara gaba, kamar yadda aka yi a ƙananan tashoshi da yawa.

Ya yi shekara talatin da 'yan kai a kan gado. A zamaninsa Kafanchan ta zama mashigar citta da sauran amfanin gona na wannan yanki, ta ga Yaƙin Duniya na Biyu, ta kuma ga farkon siyasar jam'iyyu. A 1960, shekarar samun 'yancin kai, sarauta ta koma hannun Alhaji Isa Muhammadu, wanda ya riƙe ta har rasuwarsa a 1998. Allah ya jiƙansu da rahama.

Sai dai akwai gaskiyar da ya kamata mu faɗa wa 'ya'yanmu. Sarki bai sauka a daji ba. Ƙasar nan da masu ita, wato Fantswam, daga sunansu ma aka samo sunan garin, ga kuma Kaninkon da Bajju da Kagoro a maƙwabtaka. Zancen wa ke da iko da ƙasa shi ya yi ta ruruwa, har muka ga abin da muka gani a 1987 da 1999 da 2011. Kowane gida ya ɗanɗana, namu da nasu.

Tun shekarun 1980 harkar jirgi ta fara ja da baya, tireloli suka ƙwace lodi. Abin da ya rage mana shi ne tsohuwar tasha, da gidajen reluwe, da fada, da kuma zaman tare. Muna roƙon ƙungiya ta sa matasa su zauna da sauran dattawan da suka ga zamanin Sarki Muhammadu, namu da na maƙwabta, a rubuta abin da suka sani tun suna raye, a kuma ɗauki hotunan tsofaffin gine-ginen kafin su rushe. Allah ya zaunar da garinmu lafiya, amin.